Shekarar da Tankalus Ya Kusa Shiga Kalanda

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙonku, ku 'ya'yana da jikokina, duk wanda dariya ta kama ya fita waje ya yi abarsa ya dawo, domin maganar da zan yi babba ce, ta shafi ilimi da manyan masanan duniya. Kun san ubanku ba ƙaramin mutum ba ne a fagen boko. Aji huɗu na yi a Rigachikun, na huɗun ma sau biyu na yi shi saboda malamai sun kasa rabuwa da ni. Daga nan na ga na ƙoshi, na bar wa na baya saura, na shigo Kaduna na kama burushi. Shekara arba'in da 'yan kai ina rubutu a bayan manyan motoci da allunan shaguna a Hayin Banki, kuma ban san wani marubuci a ƙasar nan da rubutunsa ya yi yawon da nawa ya yi ba. Nawa ya je Legas, ya je Maiduguri, wani ma ya faɗa rafi a hanyar Kudu tare da buhunan albasa. To amma ba tarihin burushi na zauna rubutawa yau ba. Akwai kalandar nan da ke rataye a ɗakin mahaifiyarku, wadda takardarta ta tsufa har ta koma ruwan shayi, wadda na hana kowa saukewa. Kowannenku da irin labarin da yake bayarwa a kanta. Rabi da nata, Sani da nasa, babbanku da ba na faɗin sunansa shi ma da nasa, kuma a duk labaran ni nake fitowa ɓarawo. Yau zan gyara. Ɓarawon dai ni ne, amma ku ji yadda aka yi satar.

Sai na fara da Hedimasta, Allah Ya jiƙansa, domin ƙananan cikinku ba su riske shi ba. Sunansa Malam Isiyaku, Bakano ne, gidansa na Abakpa, kuma shi ya shugabanci wata firamare a can har ya yi ritaya. Ranar da muka fara haɗuwa allon makarantarsa ya kawo in rubuta masa, ya tsaya a kaina kamar mai gadin jarrabawa yana cewa shuɗin ya yi yawa. Na ce masa in ya iya, ga burushi. Da ya ji Zazzaganci a bakina sai ya washe haƙora ya ce ashe bawansa ma yake yi wa magiya. Kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi sai wasa. To daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinsa ba, sai Bawa. Ni kuma na raɗa masa Mai Tallar Alli, tunda Bakano ko makaranta ka ba shi sai ya mai da ita kanti.

Kowace Juma'a, an sauko daga masallaci an ci abinci, zai hau tsohon babur ɗinsa mai tari ya taho wurina. A ƙofar rumfata akwai dogon yaro, a ƙarƙashinsa akwai benci, nan ce majalisarmu. Yana zuwa da wani littafi mai baƙin bango wanda ya fi ƙauna fiye da babur ɗin. Tun yana kwalejin horon malamai yake kwafe maganganun marubuta da masu zurfin tunani a ciki, na Larabawa, na Turawa, na Girkawa, na mutanen Hindu da na Sin, duk abin da suka faɗa a kan zaman duniya da abota. Zai gyara tabarau, ya karanta ɗaya, ya fassara mana da Hausa, sai a kaure da musu har a kira magariba. Ba zan kawo muku sunayen masanan ba. Na farko harshena bai taɓa iya su ba, na biyu na riga na yi wa masani ɗaya sharri a rayuwata, ya isa. Ni dai aikina a majalisar shi ne in ce ƙarya ne, ko wane ne ya faɗa. Shekara ashirin muna haka, lafiya lau.

Sai ga Alhaji Lawal ya tare a layinmu. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai Turanci kamar ruwan famfo, shi ma ya karanta littattafai. Idan Hedimasta ya ambaci masani, shi kuma sai ya faɗi garinsu da abin da ya kashe shi. Ni mai fenti ne, idona yana ganin abin da wasu ba sa gani. Na lura gwiwar Hedimasta, wadda shekara ashirin take kallon tawa a bencin nan, ta fara juyawa wajen Alhaji Lawal kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba suka kafa doka cewa kowace Juma'a kowa ya zo da tasa maganar hikimar, da sunan wanda ya faɗe ta. Wani ya kawo ta Larabci daga wurin malaminsa, wani ya yanko tasa daga jarida. Ni kuwa Juma'a uku ina cewa na manto tawa a aljihun wata riga.

To ku koma baya kaɗan. Watanni kafin wannan na yi zazzaɓin taifot, na kwanta kwana goma sha biyu. Jama'a suna ta zuwa, kowa ya yi sannu da murya ƙasa-ƙasa ya fita. Hedimasta ya zo, ya yi sannu sau ɗaya, ya zauna, kafin a kawo masa ruwa ya tayar da maganar ko tsakanin Kano da Zazzau wace ta riga wata yin ganuwa. Na tashi zaune daga kwancen, muka yi ta yi har ina buga katifa. Da ya tafi, mahaifiyarku tana kwashe kwanuka ta ce, ba ma da ni take ba:

"Wanda ya zo duba ka, ya zauna har ya manta ba ka da lafiya ya hau yi maka musu, wannan shi ne naka. Sauran gaisuwa suka zo."

Maganar ta shiga kaina ta samu wuri ta zauna. Ranar Juma'a ta huɗu, aka zagayo kaina, Alhaji Lawal yana murmushi yana tambaya ko yau ma rigar tana wurin wanki. Sai na gyara zama, na yi gyaran murya irin na Hedimasta, na saki maganar nan daga farko har ƙarshe. Wallahi har mai rake da ke gefe ya tsaya da fiƙa. Hedimasta ya cire tabarau ya mayar.

"Kai, kai, kai! Bawa, sake faɗi! Tsaya, tsaya in buɗe biro. Wa ya faɗi wannan?"

Ku ji ikon Allah. Da na ce matata ce, da babu wannan babi. Amma na daɗe da lura cewa manyan masanan littafinsa, waɗanda ake gyara zama in an ambace su, sunayensu duk da "us" suke ƙarewa. A gabana kuma ga wata tankar mai da aka kawo in yi wa rubutu. Sai na ji bakina ya ce:

"Tankalus."

"Tankalus? Na ina?"

"Na can wajen Girka. Ta bayanta kaɗan."

Hedimasta ya juya ya kalli Alhaji Lawal. Ni kuma na fara karanto addu'ar da ake yi in mota ta ƙwace. Alhaji Lawal ya ɗaga kai sama, ya shafa gemu, ya ce:

"Eh, Tankalus. Na taɓa cin karo da sunan. Ba a cika fassara shi ba ne."

Jama'a! Ranar da ƙafa na koma gida amma ban san na taka ƙasa ba. Na haifi masani, kuma tsohon ma'aikacin jirgi ya yi masa shaida! Da aka tambaye ni inda na samo shi, na ce wani direban Fatakwal ne ya manta wani littafi marar bango a mota, akawun gareji yake karanta mini. Da Hedimasta ya nemi in ara masa, na ce damina ta cinye shi, sai abin da na haddace.

Daga nan na zama ɗalibin mahaifiyarku ba tare da ta sani ba. Da, in tana magana a madafi, rediyo nake ƙara wa murya. Yanzu sai in ɗauko kujera in zauna kusa, wai ina gyaran burushi. Har ta fara zargin ko ciwon ya taɓa mini kai. Aikina ɗaya ne: in cire tukunya da miya daga maganar, in sa mata rawani. Ta ce wa Rabi wata rana, "In mutum kullum yana cewa miyarki ta yi daɗi, ba ɗanɗanawa yake ba, haɗiya kawai yake yi." Juma'a na zuwa Tankalus ya ce mai yabonka kullum ya daina saurarenka. Ta tsaya neman takalminta da safe tana dafa ƙugu, ta ce tsufa ba ya sallama, kana neman takalmi za ka tarar da shi zaune a ɗakinka. Wannan ko gyara ban yi mata ba, haka Tankalus ya faɗe ta. Wani mako suka yi tafiya Zariya biki, na rasa abin kaiwa, na ƙirƙiro tawa ta kaina a kan cewa abota kamar fenti ce, sai an yi mata shafi biyu. Hedimasta ya rubuta, amma ya ce da alama ranar Tankalus bai karya kumallo ba.

Shekara uku! Gwiwar Hedimasta ta dawo inda take, har ta fi da matsowa. Direbobi suka fara cewa in sa musu ta Tankalus a bayan mota, ni kuma in rubuta, in ja layi a ƙasa, in sa sunansa da jan fenti. Tsohuwar makarantar Hedimasta ta gayyace shi ranar rabon kyaututtuka, ya tsaya gaban malamai da iyaye ya yi jawabi da Tankalus, aka yi ta tafi, aka rubuta maganar a allo yara suka kwafa. Da ya ba ni labari na ji wani abu ya ɗan soke ni a ciki, amma daɗin ya fi sukan yawa, sai na bar shi.

Sai shekarar auren Bilkisu, autar Hedimasta, wadda ta gama jami'a. Kun san al'adar biki, ana buga kalanda da hoton ango da amarya a raba wa jama'a, kowa ya kai gida ya rataya. Hedimasta ya ce tasa ba za ta zama irin ta kowa ba. Shafi goma sha biyu zai yi, kowane wata da maganar masani ɗaya a kan zaman tare, da sunansa, da ƙasarsa, da hotonsa. Kwafi ɗari uku. Ya zo majalisa da jerin a rubuce yana rawar jiki kamar shi ne angon. A cikin wata goma sha biyu, Tankalus ya cinye biyar.

"Matsala ɗaya ce, Bawa. Bilkisu ta bincika a waya, ta samo hoton kowa ban da mutuminka. Ta ce ko sunansa babu."

"Ai wayar ce ƙarama," na ce. "Tankalus ba ya shiga irin waɗannan."

"To kai da ka ga littafin, babu zanensa a ciki?"

Nan ma ƙofa ce Allah Ya buɗe mini in fita, na ƙi. Na ce akwai, kuma fuskarsa tana nan a kaina kamar yau na gan ta. Hedimasta ya buga cinya ya ce shi ke nan, in zana, mai buga kalanda ya ɗauka da kyamara.

Ranar Lahadi da hantsi na jingina falanki a tsakar gida na fara. Na ba shi goshi mai faɗi, na ba shi gemu har ƙirji, na yafa masa farin mayafi a kafaɗa ɗaya. Ba yabon kai ba, ban taɓa zana mutum mai kwarjinin wannan ba. A ƙasa na rubuta maganar mai zuwa dubiya da kyakkyawan rubutu. Mahaifiyarku ta fito da tsintsiya ta tsaya.

"Malam, wannan mai gemu kamar tsintsiyar laushi fa, wane ne?"

"Babban masani ne. Ba za ki gane ba."

"To. Ke Rabi, zo karanta mini abin da ba zan gane ba."

Rabi, kina nan da ranki, ba za ki ƙaryata ni ba. Na yi miki ido, na yi miki tari, kika ƙi kallona, kika karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a tasha. Mahaifiyarku ta jingina tsintsiya. Ta kalli mai gemu, ta kalle ni.

"Wannan ai maganata ce. Ranar da Malam Isiyaku ya zo duba ka. Yaushe na tsiro da gemu?"

Kuka yi ta dariya har Sani yana riƙe ciki. Ni ma na so in bi ku a wuce wurin, amma ita ba ta yi ba. Ta sa na faɗa mata komai, tun daga tankar mai har kalanda. Da na gama ta ce:

"Ni ban damu da ka ɗauki maganata ba. Ba a kasuwa na saye ta ba. Amma mutumin nan zai rataya ƙarya a gida ɗari uku, wata goma sha biyu, kusa da fuskar 'yarsa, da sunansa a ƙasa. In wani ɗan boko ya gano, wa za a yi wa dariya? Kai an san ka, mai fenti ne. Shi fa? Malam, ko ka je ka faɗa masa, ko jibi in Hajiyarsa ta zo mu je duba kayan ɗaki in faɗa mata da bakina."

Na kawo mata hujjoji masu ƙarfi. Na ce maganganun gaskiya ne ko wa ya faɗa. Na ce Alhaji Lawal ma ya san shi. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara, ta share har ƙarƙashin ƙafata.

Washegari bayan la'asar na shiga mota zuwa Abakpa, kuma ban taɓa ganin hanyar ta yi gajarta irin ta ranar ba. Na tarar da shi a zaure, takardun gwaji na kalanda shimfiɗe a tabarma, an bar fili fari a wata biyar ana jiran mai gemu.

"A'a, Bawa! Ina mutumin namu? Ka baro shi a mota?"

"Malam, Tankalus babu shi."

"Ai mun sani. Wanda ya yi zamani da Girkawa yana nan zai zauna jiranka?"

"Ba mutuwa ya yi ba. Ba a haife shi ba."

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Ya ɗauko littafin baƙin bango, ya buɗe, yana juya shafukan da ya rubuta da hannunsa, shekara uku. Can ya ce:

"Na tsaya gaban yara. Na sa sun kwafa a littafinsu. Me ya sa?"

"Na ga gwiwarka ta juya wajen Alhaji Lawal. Na yi maka ƙarya ne don kada ka tashi ka bar ni a benci."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Shekara ashirin ina ƙona mai ina zuwa bencin nan kafin Tankalus. Me kake faɗa a lokacin in ba shirme ba? Wurin wa kake tsammani nake zuwa?"

Ya rufe littafin.

"Ka gaida gida, Malam Ɗanlami."

Ku da kuke yara ba za ku san nauyin wannan ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Amma ya kira ni da sunana, har da Malam a gaba, kamar wanda ya zo neman takardar canjin makaranta.

Juma'a biyar babu tarin babur a layinmu. Labari ya bazu, majalisa ta koma kirana Tankalus, sunan da har yau in na shiga tasha wani tsohon direba sai ya ƙwala mini. Alhaji Lawal ya ce shi dama tun farko yana da shakka. Na bi motocin da na yi wa rubutu ɗaya bayan ɗaya ina shafe jan sunan nan, goma sha ɗaya na samu. Akwai wata tirela da aka sayar wa mutanen Gabas, ina jin har yanzu tana can tana yawo da shi. Aka fara raba goron ɗaurin aure, ya shiga gidan Alhaji Lawal, ya shiga gidan mai rake, ya tsallake nawa. Ni da nake cin tuwo malmala uku na koma ɗaya, ita ma sai an yi mini faɗa.

Ranar wata Laraba da safe, ina tsakar gida, sai na ji tarin nan. Na san shi a cikin babura dubu. Na fita ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ga shi tsaye a ƙofar zaure da babbar riga, littafin a hammata.

"Malam, sannu da zuwa, shigo, shigo!"

"Ba wurinka na zo ba. Wurin Tankalus na zo. A yi mini sallama da ita."

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, mahaifiyarku ta yafa mayafi ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Ni aka bar ni a tsaye kamar ɗan sanda. Ya buɗe littafin ya ce yana so ta faɗa masa kowace magana yadda ta fito daga bakinta, kafin wani ya yi mata fenti. Ta ce ita ba ta san ta faɗi wani abu ba, surutun aiki ne kawai. Ya karanta, tana gyarawa, tana mayar da miya da tukunya inda na cire su, shi kuma yana cewa wallahi haka ta fi daɗi. Da ya zo kan ta abota da shafi biyu ta ce wannan ba tata ba ce, ba ta taɓa jin maganar da ba ta da gishiri irinta ba. Ya ja mata layi ba tare da ya kalle ni ba. Sannan ya karanta ta mai zuwa dubiya, ya ce wannan ita ce ya fi so a duk littafin, ya so ya san a kan wa ta faɗe ta.

"Au, bai gaya maka ba? Ai a kanka ne, Malam. Ranar da ka zo ka tayar mini da marar lafiya da maganar ganuwa, har ya zubar mini da kunu."

Hedimasta ya ajiye biro. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi. Shekara uku yana yawo da maganar nan, ya karanta ta a gaban taro, bai san hotonsa ba ne. Da ya mayar da tabaran sai ya juyo.

"Kai Bawa, tsayuwar me kake yi a kaina? Je ka kawo wa ubangidanka ruwa."

Ban san lokacin da na yi kabbara ba! Na ruga ciki na kawo ruwa a kwanon da ya fi kowane girma a gidan, rabi ya zube a hanya.

Amma Bakano ba ya yafiya kyauta. Ya ce Litinin in shirya. Ya ɗauke ni a bayan babur har tsohuwar makarantarsa, ya nemi izini, ya tsaya gaban yara a layin safe ya ce abin da ya faɗa musu bara akwai kuskure: maganar gaskiya ce, sunan ƙarya ne, kuma shi ne bai bincika ba. Bai ce ni na yi ba. Ya dai sa ni tsaye a gefensa har ya gama, yara suna kallona suna tunanin ko sabon malami ne. Ban taɓa jin zafin rana irin na safiyar nan ba, kuma ranar akwai hadari.

Wajen kalanda kuwa mahaifiyarku ta ce ko sunanta ko hotonta ba za su shiga gidajen mutane ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ta yarda a rubuta "Wata mata a Hayin Banki." A filin hoto Hedimasta ya ce in zana tukunya a kan murhu, kuma kada shuɗin ya yi yawa. Sai dai da aka cire tawa ta shafi biyu, wata ɗaya ya zama babu kowa, na ƙarshe. Na tambaye shi wa zai sa, ya ce ba ruwan bawa da shawarar manya. Sai ranar ɗaurin aure, ana raba kalanda a ƙofar gida, jama'a suna wawaso, na samu tawa na buɗe ina neman tukunyata. Na kai shafin ƙarshe. Babu hoto, sai layi biyu:

"Na yi maka ƙarya ne don kada ka tashi ka bar ni a benci."
Wani Bazazzagi, bawan Kanawa.

Na ɗaga kai, ga shi can cikin manyan baƙi yana leƙena ta saman tabarau, kafaɗunsa suna rawa. Bilkisu ta gaya mini daga baya cewa ta roƙe shi ya cire, ta ce mutane ba za su gane ba. Ya ce mata a duk littafinsa babu maganar da ta kai wannan wauta, kuma babu wadda ya tabbatar da mai ita kamarta.

To kun ji. Mahaifiyarku ba ta shiga aji ko ɗaya ba, ta cinye wata huɗu. Ni da aji huɗu na samu ɗaya, shi ma da laifi na same shi. Ku da kuka yi jami'a ina jiran naku. In kun ji tana magana a madafi ku rage muryar waya ku saurara, in kuma za ku kai maganar wani wuri ku kai ta da sunan mai ita. Ni har yau in ta buɗe baki sai ta ce ta ga kunnena ya miƙe, in tashi in ba ta wuri.

Mun ƙara shekara tara da Hedimasta a ƙarƙashin dogon yaron nan, na koma aikina na cewa ƙarya ne, ko wane ne ya faɗa. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Na je duba shi, na zauna, na tayar masa da maganar ganuwa, ya ɗago kai daga filo ya ce Kano ce, na ce Zazzau ce, har ma'aikaciyar jinya ta kore ni. Littafin baƙin bango yana wurina, shi ya ce a ba ni. Kalandar kuma ku bar ta a shafin ƙarshen nan da take. Daga ƙarshe dai ya tashi ya bar ni a bencin, amma ba don na rasa abin faɗa ba. Allah Ya haɗa mu a inda ba a tashi, in ƙarasa masa musun.